Wanda Yaro Ke Hannunsa

Goggo ce ta raine ni. A Zangon Lome wannan ba abin ba da labari ba ne, don gidajen da ba ka samun ɗan riƙo a cikinsu kaɗan ne. Mahaifiyata tana fataucin atamfa tsakanin Lome da Kumasi, kwananta a hanya ya fi na gida yawa. Mahaifina kuma direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ya nausa arewa, wani lokaci Wagadugu, wani lokaci har Yamai. Saboda haka ni da yayana muka tashi a ɗakin yayar mahaifinmu. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin bayanta babu goyo ba. Koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida da safe. Tana jin Mina, yaren mutanen garin, kamar a cikinsa aka haife ta, Faransanci kuwa iyakarta gaisuwa da sunayen kuɗi.

Ita ce ta tsaya kai da fata sai na yi boko. Da safe in tafi makaranta da kayan kaki, da yamma in sa hijabi in wuce Islamiyya. Da na shiga jami'a na zaɓi karatun shari'a, burina bai wuce in sa baƙar riga in tsaya gaban alƙali ina ɗaga murya ba. Da na gama sai wurin koyon aiki ya yi wuya. Na yi ta zaga ofisoshin lauyoyi har takalmina ya suɗe. A ƙarshe wani malaminmu ya tura ni wani ƙaramin ofis a Nyekonakpoe, inda ake duba rubutattun ƙa'idoji na harkar lafiya kafin a sa musu hannu: yadda ake ajiye magani, yadda ake killace mai cuta mai yaɗuwa, yadda ake tafiyar da rigakafi. Na tafi da niyyar in ɗan zauna kafin abin kirki ya samu. Har yau ban bar aikin ba.

Shugaban ofishin wani tsohon alƙali ne, mutumin Kpalime, dogo siriri, komai zafin rana sai ya ɗaura laktai a wuya. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran maigida da Faransanci. Ba ya faɗa, ba ya yabo. Idan na kai masa rubutu sai ya ɗora tsinin fensir a kan jimla ɗaya ya ce, "Wannan, a kan wa za ta faɗo?" In na ce ban gane ba, sai ya ce, "Kowace jimla muka rubuta a ɗakin nan, akwai wanda za a kora da ita, ko a hukunta da ita, ko a taimaka da ita. Je ki nemo mini shi."

A gida ba wanda ya fahimci aikina. Goggo kan gaya wa masu sayen koko cewa 'yarta lauya ce, amma irin wadda ba ta zuwa kotu. Yayana kuwa ya laƙaba mini Madam Lauyar Allura, sunan ya bi ni har cikin dangi.

A lokacin ya yi aure, yana da shagon kayan babur a Adidogome, yana yawan zuwa Kwatano da Ikko saro kaya. Matarsa ta samu ciki na biyu tun 'yarsu ta fari ba ta isa yaye sosai ba, cikin kuma ya zo mata da laulayi mai tsanani. Sai aka yaye yarinyar aka kawo wa Goggo, uwar ta tafi Sokode wurin iyayenta. Ni ma a gidan nake zaune, ban yi aure ba tukuna. Yarinyar ta saba da mu da wuri. Da asuba tana bayan Goggo ana suyar ƙosai, da hantsi tana tsakar gida tana bin kaji.

Sai ƙyanda ta ɓulla a unguwa. An fara da gidan wani mahauci, aka ji ta a layin bayan masallaci. Na duba katin rigakafin yarinyar na ga saura allurar ƙyanda ta biyu, wadda lokacinta ya wuce a cikin rikicin laulayin uwarta. Na ce wa Goggo ta kai ta ƙaramin asibitin unguwa washegari, ni kuma na tafi aiki.

Da na dawo da la'asar na tarar da Goggo zaune a kan turmi, mayafinta na fita har yanzu a kafaɗa, ko kayan koko ba ta wanke ba.

"Goggo, lafiya? An yi allurar?"

"Zauna," in ji ta. "Zauna ki gaya mini, wai aikin me kike yi a ofishin nan?"

Ta ba ni labari. Tun safe ta bi layi, rana ta buge su ita da yarinya. Da aka zo kanta, wata sabuwar malamar asibiti, matashiya, ta karɓi kati ta dube ta ta ce ita ce uwar? Goggo ta ce a'a. Kakar ce? Ta ce goggon uban ce, ita ta raini uban, ita ke rainon 'yar. Malamar ta ce to ina takardar kotu da ta nuna riƙon yarinya a hannunta yake? In babu, sai uwa ko uba sun zo da kansu.

"Ni za a tambaya takarda! Ni da na ɗauki ubanta a bayan nan, na ɗauke ki, na ɗauki 'ya'yan maƙwabta. Na ce mata uwar tana Sokode a kwance, uban yana Ikko. Ta ce ba laifinta ba ne, haka aka rubuta. Ta nuna mini littafi da yatsa. To ba ku ne masu rubutawar ba?"

Na san littafin. Jagorar aiki ce da ake raba wa masu rigakafi, kuma a daidai lokacin wani kwamiti yana zaman sabunta ta. Ni da Mushe muna ciki, shi yana magana, ni ina rubuta abin da aka tattauna. Na karanta layin nan sau da yawa: yardar uba, ko uwa, ko wanda kotu ta ba riƙo. Tsofaffin ma'aikata ba su cika kula shi ba, sun san mutanensu. Sababbi ne ke riƙe shi da ƙarfi, don suna tsoron a kore su.

A zama na gaba na ɗaga hannu. Ban taɓa magana a ɗakin ba, har wani likita ya waiga yana neman wanda ya yi gyaran murya. Na ce a unguwarmu, da ma unguwanni da yawa na garin nan, mai kawo yaro asibiti sau da yawa kaka ce ko goggo ko inna, kuma ba wadda ta taɓa zuwa kotu neman izinin goya ɗan ɗan'uwanta. Na ba da shawarar a sauya layin a ce: duk babban mutumin da yaron ke hannunsa. Wata likitar yara, mace mai furfura da ke zaune a Kakaveli, ta gyaɗa kai ta ce ita ma kakarta ce ta raine ta. Sauran suka zuba wa Mushe ido. Shi kuwa ya ce a ajiye maganar sai wani zama.

Raina ya ɓaci. Muka kama hanyar komawa ofis. Da muka shiga sai ya ce in jawo kujera.

"Ni na rubuta layin da kike son gogewa," in ji shi. "Lokacin ina alƙali a wani gari na arewa aka kawo mini wata malamar asibiti. Ƙanwar uwa ce ta kai yaro aka yi masa allura. Uban bai sani ba, kuma da ma ya hana. Yaron ya yi rashin lafiyar da ba ta da alaƙa da allurar, amma uban ya kai ƙara. Jandarmomi suka ɗauki malamar a gaban mutanen da take yi wa aiki. Na sallame ta, don ba ta da laifi. Amma ba ta sake komawa asibiti ba. Na ji daga baya kifi take sayarwa. Da aka kira ni aikin nan, ita na tuna."

Na ce, "Amma Mushe, yanzu yara ake kora."

"Na ji ki. Ban ce kin yi kuskure ba. Na ce jimlarki ba ta gama nuna ba. Je ki nemo wanda za ta faɗo wa."

Ban je nema ba, shi ya zo ya same ni har gida.

Goggo ba ta jira kwamiti ba. Ana cikin haka ma'aikata suka fito unguwa da akwatunan ƙanƙara saboda ƙyandar, suka kafa tebur a harabar Islamiyya. Cikinsu akwai wata tsohuwar malama da ta san Goggo tun ina goye. Ba ta tambayi komai ba, ta yi wa yarinya allura, ta cika kati, ta ce a kawo na gaba. Muka yi hamdala muka manta.

Bayan kamar mako guda jikin yarinyar ya yi zafi, wasu 'yan ƙuraje ja suka fito mata a ƙirji. Ranar Juma'a ce. Ina tsakar gida ina wanki, Goggo tana shafa mata ruwa da tsumma, sai ga yayana ya shigo daga masallaci, da jakar tafiyarsa a kafaɗa, saukarsa ke nan daga Ikko. Ya ɗauki 'yarsa da murna, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ɗaga rigarta.

"Inna lillahi! Ƙyanda ce? Goggo, ƙyanda ce ta kama ta?"

Goggo ta ce ba ta sani ba, ita ma abin ya ɗaure mata kai, tunda an yi mata allurar makon jiya.

"An yi mata me?"

Na sa baki na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Allurar takan sa zazzaɓi da 'yan ƙuraje bayan kwanaki. Zai wuce. Gobe in bai sauka ba mu kai ta a duba."

Ya juyo kaina. "Ke kin sani ke nan. Kin sani, Goggo ta sani, duk unguwa ta sani, ni ubanta ne kaɗai ban sani ba. Wayata ta lalace ne? Ko mutuwa na yi?"

"Kai!" in ji Goggo. "A gabana kake wannan magana? Kai da aka yi maka taka allurar, wa na tambaya?"

Yayana ya juya mana baya. Ya shiga ɗaki ya tattara kayan yarinyar a leda, ya saɓa ta a kafaɗa ya fita. Muna ji ya tare zemijan, wato ɗan acaɓa, a bakin layi. Goggo ta zauna da jiƙaƙƙen tsumma a hannu, ba ta yi kuka ba, amma washegari ba ta soya ƙosai ba. Masu saye suka yi ta sallama suna komawa.

Na bari ya huce kwana biyu, sannan na hau babur zuwa Adidogome. Shagonsa a bakin titi yake, tayoyi a rataye, sarƙoƙi da maduban babur sun cika bango. Na tarar da yarinyar zaune cikin wani babban kwali, zazzaɓi ya sauka, tana lasar madubi, kumatunta duk baƙin mai. Yayana yana ƙoƙarin ba ta madara da cokali da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana miƙa wa wani bakanike fulogi. Idanunsa sun nuna bai samu barcin kirki ba.

"Madam Lauya," in ji shi, ba tare da ya dube ni ba. "An aiko ki ne?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ya jikinta?"

"Da sauƙi. Na kai ta wurin wani likita da ke sayen kaya a nan. Ya ce kamar yadda kika ce."

Na karɓi cokalin. Na ci gaba da ba ta madara. Can ya zauna a kan taya ya share fuska da tafin hannu.

"Kin ɗauka ni jahili ne, ko? Irin masu cewa allura makirci ce."

"Ban ce ba, Yaya."

"Saƙonni nawa ake turo mini a waya kullum, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Ba duka nake yarda da su ba, amma ba duka nake iya watsarwa ba. Da an kira ni, da na tambayi likitan nan, da na ce a yi. Wallahi da na ce a yi. Amma in shigo gida in taɓa jikin 'yata in ji wuta, ga ƙuraje, ga labarin yaron mahauci da aka kwantar. Kin san abin da ya zo mini a rai a minti ɗayan nan? Uwarta tana can a kwance, me zan gaya mata?"

Na ce masa Goggo ma ta tsorata, don ba wanda ya gaya mata zazzaɓi zai iya biyo baya. Layi ya yi tsawo ranar, an yi bayani sau ɗaya da Faransanci da sauri, ita tana can baya. Ni kuma da na sani ban yi tunanin in faɗa mata ba.

"To ki gani," in ji shi. "Ita ba a gaya mata ba, ni ba a tambaye ni ba. Mu duka an mayar da mu 'yan ɗauko da ajiyewa."

Na gaya masa batun kwamiti, da layin da nake so a sauya. Ya saurara yana juya wani noti a hannu.

"Wato kina so ki rubuta cewa kowa ma ya kai 'yata."

"Ba kowa ba. Wanda take hannunsa."

"Na yarda da Goggo. Amma ba kowane gida ke da Goggo ba. Ki bar mini ƙofa, ko ƙarama ce, in ina da magana in faɗa."

Kafin in tafi yarinyar ta fito daga kwali ta jawo wani buhun ƙananan kusoshi, suka watse a ƙasa. Muka durƙusa ni da shi muna tsincewa kafin ta kai baki. Yana tsinta yana ƙunƙuni, har dariya ta ƙwace mini, shi ma ta ƙwace masa.

Ba a yi mako ba ya mayar da yarinyar wurin Goggo. Bai zo shi kaɗai ba, ya ɗauko wani dattijo abokin mahaifinmu, ya riƙo goro da turmin atamfa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Goggo ya ce ta yafe masa. Ta bar shi a durƙushe har sai da ta gama duba yarinyar daga kai har ƙafa, ta ce an bar ta ta rame, gashinta ya cukurkuɗe, wane irin uba ne wannan. Sannan ta ce ya tashi, Allah ya yi masa albarka, amma in ya sake ɗaga mata murya a gidan nan sai ta tuna masa shekarun da ya yi yana jiƙa mata tabarma. Dattijon ya yi ta tari don ya ɓoye dariya.

Na koma wurin Mushe na ba shi labarin duka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya jawo farar takarda ya miƙo mini fensirinsa, abin da bai taɓa yi ba. Muka yi ta rubutawa muna gogewa. Abin da muka tsayar shi ne, babban da yaro ke zaune a hannunsa yana iya ba da yarda. Amma ma'aikaci zai tambaye shi ko iyayen sun sani, kuma ko akwai wanda ya hana a cikinsu. In an ce akwai, ba za a yi allura a ranar ba, za a nemi uban ko uwar a yi magana da su, ko da ta waya ce. Ma'aikacin da ya yi tambayar ya rubuta amsar, to ya fita daga zargi. Ni kuma na dage a ƙara cewa dole a gaya wa mai kawo yaro abin da zai iya biyo bayan allurar, cikin harshen da yake ji.

Na ɗauka da mun kai wa kwamiti shi ke nan. Ashe an fara ke nan. Wani likita ya ce tambayar ko uba ya hana tamkar koya wa mutane hanawa ce. Shugabar malaman asibiti ta ce shi bai taɓa tsayawa gaban uban da ya fusata ba, ita ta tsaya. Wani daga ɓangaren mulki ya ce harsunan ƙasar nan da yawa, ina za a samo ma'aikacin da ke jin duka? Likitar yaran nan ta ce a kowane layin rigakafi akwai matar da ke jin harshe biyu ko uku, a roƙe ta mana. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Aka sauya shugaban kwamiti, sabon ya ce a fara daga farko. Damina ta zo, ruwa ya cika layukan Zango har muna tattare zani muna taka duwatsu zuwa bakin titi, ta wuce, wata ta sake zuwa. Akwai ranar da na ce wa Mushe na gaji, gara in koma neman kotu. Ya ce in je in ci abinci in dawo, akwai wani daftari a kan tebur.

A tsakanin nan matar yayana ta haihu lafiya, namiji, ta dawo Lome. Ranar da za a kai jaririn allura yayana ya rufe shago ya bi su. Matarsa ce ta ba ni labari. Shi kaɗai ne namiji a kan benci cikin mata, da babbar rigarsa, yana riƙe da jakar zannuwa. Da aka zo kansu ya tare malamar da tambayoyi: wannan ta mece ce, me za ta sa, in zazzaɓi ya kai kwana nawa za a dawo. Matan baya suka fara tsaki, sai wata ta ce a bar shi, ita ma tana so ta ji. Da ya dawo ya ce mini, "Benci ya yi ƙanƙanta. Ki rubuta musu su ƙara."

A ƙarshe aka amince da gyaran. Ba duka yadda na so ba. A jimlar harshe sun cusa "gwargwadon iko", kalmomin da na san malalaci zai iya fakewa a bayansu. Na so in yi gardama, Mushe ya taɓa hannuna a ƙarƙashin tebur. Da muka fito ya ce, "Karɓi wannan. Ke yarinya ce, za ki ga wani sabuntawar. Ni ne ba zan gani ba." Shekarar ya yi ritaya ya koma Kpalime. Na kai masa ziyara sau ɗaya, na tarar da shi cikin gonar ayaba, ba laktai, na kusa ban gane shi ba.

Da sabuwar jagorar ta fito na kawo guda gida na karanta wa Goggo layin, ina fassara mata. Ta sa na maimaita. Ta ce, "Wato yanzu in na je ba za a ce ni wace ce ba?" Na ce za a tambaye ta, amma amsarta ta isa. Ta gyaɗa kai, ta ce, "To Allah ya sa su karanta." Ta ci gaba da tace gasararta.

Maganarta ce ta zama aikina na shekarun da suka biyo baya. Rubutu a littafi ba ya tafiya da ƙafarsa. Na shiga cikin masu zagayawa suna horar da ma'aikata, daga bakin teku har Dapaong. Na gano karanta musu jimla ba ya zama a kai, sai na koma yin wasan kwaikwayo. In ɗaura ɗankwali in goya jakata, in shigo ina ɗingishi in ce na kawo jikana. Wani lokaci in zama uba mai fushi, in buga tebur. Su yi ta dariya, amma in na koma bayan watanni sai in tarar sun riƙe. A wani zama na haɗu da malamar da ta mayar da Goggo. Ita ta gane ni ta sunan unguwa, ta zo da kunya bayan an tashi. Na ce mata ta bi abin da aka ba ta ne, kuma ba don ita ba da har yanzu layin yana nan. Yanzu ita ce shugabar wani asibiti, mukan yi waya.

Na yi aure, na haihu, aiki ya kai ni tarurruka a ƙasashen maƙwabta, inda na tarar kowa yana fama da irin tambayoyinmu. Kujerar ofishin Nyekonakpoe ta dawo hannuna, da matasa biyu da ke koyon aiki, mace da namiji, masu saurin Faransanci da saurin fushi.

Watan da ya wuce ina Kara ina horarwa, wani matashin malamin asibiti ya ɗaga hannu. Ya ce a ƙauyen da yake aiki ranar rigakafi takan faɗo ranar kasuwa, iyaye mata duk sun tafi, sai a aiko yayar jariri da shi, budurwar da ba ta kai shekarun da doka ke kira babba ba. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci, ta yi tafiya mai nisa da shi a baya. In ya mayar da ita, ya san ba za a dawo ba. In ya yi allurar, jagora ba ta kare shi ba.

"Madam, ya zan yi?"

Duk ɗakin ya zuba mini ido. Na ce masa ban sani ba tukuna. Na tambaye shi ko za a iya sauya ranar, ya ce ya gwada, motar da ke kawo allurar ranar kaɗai take bi ta wurinsu. Wata daga baya ta ce su a wurinsu suna aika mai shela kasuwa tun ana gobe, uwa ta faɗa wa wakiliyar mata cewa ta yarda. Wani ya ce wannan ba zai tsaya a gaban alƙali ba. Nan take gardama ta kaure, har mai abinci ta leƙo sau biyu tana cewa shinkafa na hucewa.

A motar dawowa na kira ma'aikaciyata na ba ta labari. Tun ban gama ba ta fara kawo shawara, na ji abokin aikinta a gefe yana cewa a'a, ba haka ba. Na ce su nemi lambar malamin nan na Kara su kira shi, kuma su shirya jaka, don ranar kasuwa mai zuwa mu uku za mu je ƙauyen mu zauna a kan benci mu gani da idonmu.